Kawu Malamin Gona da Kunun Yayarsa

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma ɗaya bayan ɗaya, sai dai Kawuna ya riga mu tafiya. Ya cika ranar wata Talata da hantsi a gidansa na Gwarzo, bayan doguwar jinyar ciwon dajin ƙoda, aka yi masa sallah bayan azahar. Allah ya haskaka makwancinsa.

Kwana ukun zaman makoki a cikin gida na yi su tare da mata, amma ɗakin da aka shimfiɗa mana yana jikin zaure, don haka duk abin da maza suke faɗa a tabarmar waje ta taga yake shigo mana. Abin da na lura shi ne kusan duk wanda ya buɗe baki zai yabi Kawu da ƙorafi yake farawa. Limamin unguwa ya ce shekara da shekaru suna tare, Kawu bai taɓa ce masa huɗubarsa ta yi kyau ba sai ranar da ta yi ɗin, kuma ranakun ba su da yawa. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin ta gidan mutuwa. Tsohon hedimasta, mutumin Kudancin Kaduna da muka yi maƙwabtaka da shi tun ina ƙarama, ya zauna a gefen tabarma ya ɗora hularsa a gwiwa. Ya ce ya taɓa nuna wa Kawu masarar da ya shuka a bayan gidansa yana jiran yabo, Kawu ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Malam, koyarwa ta fi dacewa da kai." Washegari ya kawo masa iri a ƙulle a leda, da damina ta zagayo kuma ya zo ya tsaya har aka shuka.

A rana ta biyu wani tsoho ya iso daga ƙauyen Kara, yana dogara sanda. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Ni ne mutumin da marigayi ya kunyata a gaban manya daga Kano. Na zo in shaida cewa shi ne da gaskiya." Ya sha ruwa ya koma.

A cikin mata zancen daban ne. Wata ta raɗa wa ta kusa da ita cewa ai maganin gwajin nan ne ya ƙarasa shi. Ɗayar ta ce ita abin da ta ji shi ne sun gwada sun ga ba ya yi, suka sallamo shi ya zo ya mutu a gida. Ni ba mai haƙuri ba ce, duk dangi sun shaida, amma na haɗiye, saboda Inna, mahaifiyata kuma yayar Kawu, tana zaune a bakin ƙofa tana jan carbi, ko kai ba ta ɗago ba. Zancen matan nan shi ya sa na ɗauki biro. Ni na raka shi asibiti daga farko har ƙarshe, na san ba haka aka yi ba, kuma bai kamata a riƙa tuna shi da labarin da ba nasa ba.

Su biyu suka rage a ɗakinsu, Inna da Kawu. Mahaifiyarsu ta rasu ba a daɗe da yaye shi ba, Inna tana 'yar budurwa ta ɗauke shi ta goya. Har gemunsa ya yi fari fat Auta take ce masa, shi kuma bai taɓa zama a kan kujera tana ƙasa ba. Ta yi aure a Kabo. Da mahaifina ya rasu Kawu ya ɗauko ni ya riƙe a Gwarzo, ya sa ni makaranta, har na zama malama na koma Kabo da aiki. Ni ce 'yar farin Inna, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar hira da ni. Idan tana da magana sai ta faɗa wa bango ina kusa. Hirata duk da Kawu nake yi.

Malamin gona ne, kuma aikin ya bi shi har cikin gida. Akwai wani gwangwani da ya kafa a tsakar gida, duk lokacin da aka yi ruwa sai ya tsoma sanda ya auna ya rubuta a ƙaramin littafinsa, kaiton kazar da ta sa baki a ciki. Idan ka kawo masa labari da ɗuminsa zai bar ka ka gama, sannan ya ce, "Ka gani, ko an gaya maka?" Tambayar nan ta kashe wa mutane da yawa hira. Gaisuwa ma ba ya amsa ta yadda kowa yake amsawa. A ce masa ina gajiya, sai ya ce akwai kaɗan. Hajiya, matarsa, ta sha cewa ya dinga amsawa kamar mutane, shi kuma ya ce ai tambayarsa aka yi.

Labarin tsohon Kara ya faru ne a zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da taki ya yi wahalar samu, ofishinsu Kawu ya daina ba su man babur ya koma zagaya ƙauyuka a keke. An turo wani sabon irin dawa da ake sa ran zai yi ko ba taki, aka ce a gwada. Yadda ake gwajin shi ne a auna fili biyu gefe da gefe da igiya, ɗaya a shuka irin gida, ɗaya sabon iri, kuma duk abin da aka yi wa wannan shi za a yi wa wancan. Gonar mutumin Kara aka zaɓa. Da shuka ta kai gwiwa mutumin ya ga sabon irin ya soma yin rawaya, kunya ta kama shi a madadin Kawu. Baƙi za su zo daga Kano su ga gonar Malam a haka? Sai ya kwashe takin awakinsa ya bi kunya-kunya ya binne, ya yi shiru da bakinsa.

Ranar da manyan suka zo dawar ta yi shar, kai ya cika, ana ta tafi. Kawu ya tsaya yana kallonta, kyan ya yi masa yawa. Ya tsugunna ya cusa hannu a ƙasa, ya ciro kashin awaki cike da tafinsa, ya ɗaga kowa ya gani, ya ce gwajin bana ya lalace sai a sake baɗi. Manyan suka ji haushin zuwan banza, mai gona ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shiga, daga ranar suka daina ga maciji da juna. Hajiya ta ce da ya dawo gida ta yi masa faɗa, ta ce mutumin nan don ƙaunarka ya yi. Kawu ya ce ya sani. Ya ce amma da ya yi shiru, baɗi za a raba wa talakawa irin nan a ce musu ba ya buƙatar taki, su shuka su tashi a tutar babu.

Ciwon ya faro ne bayan ya yi ritaya, a shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a. Fitsarin jini ya soma gani. A wajenmu duk wanda ya ga haka tsargiya zai ce, balle mutumin da ya yi rayuwarsa yana shiga ruwan fadama. Maganin tsargiya ya yi ta sha, har kwiɓinsa na hagu ya soma ciwo, ya rame, wando ya daina zama a ƙugunsa. A wani babban asibiti a Kano aka ɗauki hoto aka ga ƙari a ƙoda. Aka yi masa aiki aka cire ta, ya dawo da guda ɗaya, yana tsokanar Hajiya cewa yanzu ya fi ta sauƙin ɗauka. Ya samu kusan shekara lafiya lau. Daga nan tari ya zo, aka sake hoto, aka ce ciwon ya yaɗu zuwa huhu.

Likitar da take duba shi 'yar Filato ce, mai sanyin magana, Baba take ce masa da Hausarta ta Jos. Ba ta ɓoye masa ba. Ta ce magungunan da ake da su ba sa yin wani abin kirki idan ciwon ya kai nan. Amma akwai bincike da ake yi a kan wata sabuwar ƙwaya, a garuruwa daban-daban, kuma yana iya shiga idan yana so. Ba a san ko tana aiki ba, shi ya sa ake gwadawa. Za a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu su sha sabuwar, wasu a ci gaba da ba su wanda aka saba, daga baya a kwatanta. Yana da ikon fita duk ranar da ya ga dama. Sharaɗi mafi girma shi ne kada ya sha wani magani, na asibiti ko na gargajiya, ba tare da ta sani ba.

Ni na tsorata, shi kuwa fuskarsa har wani haske ta yi. Ya ce, "Likita, wato fili biyu za a auna gefe da gefe." Ta ce ba ta gane ba. Ya gyara zama ya yi mata darasin noman dawa na kusan rabin awa, marasa lafiya suna jira a waje. Takardar yardar ya zo da ita gida ya karanta sau uku, ya sa na fassara masa wuraren da Turancin ya yi tsauri. Ya kai wa liman ya tambaye shi ko ƙuri'ar nan ba ta shiga caca ba, don a lokacin kowa a tsorace yake da abin da zai saɓa wa Shari'a. Liman ya ce ko gonar gado idan an raba ta kashi-kashi ƙuri'a ake jefawa don kada a ce an yi son kai. Kawu ya sa hannu.

Inna ce ba ta yarda ba. Ta hawo mota daga Kabo da ƙunshin kayanta, ta sauka a ɗakin kusa da madafa, ta ce jinya ta zo. A lokacin jita-jita ta cika gari cewa ana zuwa da magunguna daga waje ana gwadawa a kan mutane, kuma ba wanda zai ga laifin tsohuwa idan ta tsorata. Ta ce masa, "Auta, ni na goye ka, ban goye ka don a mai da kai zakaran gwajin dafi ba." Ya ce, "Yaya, shekara nawa ina roƙon mutane su ba ni gonarsu in yi gwaji. Yau an roƙi tawa, sai in hana?" Ta ce gona daban, mutum daban. Ba ya jayayya da ita, amma bai fasa ba.

Ƙuri'a ta faɗa masa a sabuwar ƙwaya. Duk mako biyu nakan nemi izini a makaranta mu hau motar haya zuwa Kano, a ɗebi jininsa, a auna shi, a yi masa tambayoyi. A nan halinsa ya yi rana. Likitar ta ce yawancin mutanenmu ko suna murƙususu ka tambaye su jiki za su ce da sauƙi, sai ta yi ta tono kafin ta samu abin rubutawa. Kawu kuwa littafinsa na ruwan sama ya juya ta baya, yana rubuta ranar da bakinsa ya yi gyambo, ranar da tafin ƙafarsa ya yi zafi, ranar da ya ci tuwo ya zauna. Masu zuwa dubiya ma haka yake musu. A ce yaya jiki, ya ce, "Yau ya fi jiya nauyi, alhamdu lillahi."

Bayan wata uku aka ɗauki hoto. Likitar ta ɗaga shi a jikin fitila ta nuna mana cewa ƙullutun da suke huhu ba su ƙaru ba, ɗaya ma kamar ya ɗan ja baya. Ta ce kada mu yi saurin murna. Ni na yi murnata, har tsire na saya a tasha, abin da ban taɓa yi a gabansa ba.

Zuwa na gaba ne sakamakon jini ya fito ba daɗi. Ƙodar da ta rage ta soma gajiya. Likitar ta tambaye shi ko ya sha wani abu daban, ya ce a'a, kuma iyakar saninsa ya faɗa. Ta ce to dole ta rubuta cewa ƙwayar ce ta taɓa ƙodar, ta aika wa masu binciken. Za a dakatar da ita mako biyu, idan jini ya gyaru a ci gaba da ba shi kaɗan.

A makon ne na kwana a Gwarzo. Da safe na shiga madafa neman ashana, na tarar da Inna tana dama kunun tsamiya, wanda tun zuwanta ita kaɗai take yi masa, ba ta bari Hajiya ta taɓa. A gefenta akwai wata 'yar tukunya da saiwoyi a jiƙe, ruwan ya yi ja. Ina kallo ta tsiyaya ludayi guda a cikin kwanonsa, ta ƙara tsamiya don ta danne ɗacin. Ta ji motsina, ba ta juyo ba, ta ce wa bango, "Na wajen mai magani ne a Kabo, na wankin ƙoda. Tunda na fara sa masa ai ga shi an ce ciwo ya tsaya." Da ta juya neman murfi na karɓi kwanon na ce ni zan kai, na zubar a bayan gida, na ce masa kunun yau ya ƙone.

Na ƙulla dabarata tsaf. Zan san yadda zan raba shi da kunun, jini ya gyaru, a mayar da shi kan ƙwaya, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Kwana biyu na riƙe abin. A rana ta uku muna zaune a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida ya dube ni ya ce, "Malama, kunu ba ya ƙonewa kwana uku a jere a hannun Yaya. Me ake ciki?" Na yi 'yan kame-kame, na ce ina dai zargin ko ana sa wani abu a ciki. Ya ce, "Kin gani, ko an gaya miki?" Na ce na gani.

Sannan ya ce gobe za mu Kano, in samo masa saiwar ko guda ɗaya ce.

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce Kawu ka san za su cire ka. Na ce maganin nan shi kaɗai ya rage mana, kuma ka ga hoton da idonka. Na ce a daina shan jiƙon kawai mana, wa aka cuta? Ya bar ni na gama. Ya ce, "An riga an rubuta cewa ƙwayar ce ta taɓa ƙodata. Takardar nan za ta tafi, a haɗa ta da na wasu, a yanke hukunci da ita a kan mutanen da ban sani ba. Wataƙila a rage wa wani maganin da zai taimake shi saboda ni. Wataƙila kuma ƙwayar ce da gaske, jiƙon bai yi komai ba. Ni ban sani ba, ke ba ki sani ba. Amma su suna zaton sun sani, kuma ni na bar su a haka." Na ce to ranka fa? Ya ce, "Ina son raina, 'yar nan. Kada ki ɗauka ba na so."

Washegari ya ajiye saiwar a kan teburin likitar, a naɗe a takarda, ya gaya mata cewa kusan wata biyu ke nan yana shan jiƙonta a kunu bai sani ba. Bai faɗi wanda ya sa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta ajiye bironta ta ce, "Baba, ka san abin da wannan yake nufi?" Ya ce ya karanta takardar sau uku. Ta ce za ta sanar da masu binciken, ba ita take yanke hukunci ba. Bayan mako guda muka koma, amsa ta zo: tunda ba a san abin da yake cikin saiwar ba, ba a kuma san yadda take haɗuwa da ƙwayar a jikin mai ƙoda ɗaya ba, ba za a mayar da shi kanta ba. Za su ci gaba da duba shi da ba shi maganin rage raɗaɗi. Ya nemi ta nuna masa inda ta gyara rahoton. Ta juyo masa da fayil ɗin, ya sa tabarau ya bi layin da yatsa, ya ce madalla. Na ga ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Tun daga Kano har Gwarzo ban yi masa magana ba. Na ji haushinsa, na ji haushin Inna, na fi jin haushin kaina da na kasa riƙe bakina. Da muka sauka a tasha ya tsaya ya huta a jikin wata rumfa, ya ce, "Yaya ba ta san dalili ba, kuma ba daga bakinki za ta fara ji ba. Amma in ta tambaye ki, kada ki yi mata ƙarya." A gida ya ce musu an dakatar da shi daga gwajin saboda ƙodarsa, ya tsaya a nan.

Saura yadda za a raba kunun da jiƙo ba tare da an tozarta tsohuwa ba. Ni na ce a ce likita ta hana kunu. Ya ce likita ba ta hana ba. Washegari da sassafe sai ga shi ya fito daga ɗaki yana jan 'yar kujerar tsugunno, ya ajiye ta a bakin madafa, ya zauna. Namiji mai furfura a bakin murhu, Hajiya har ta leƙo ta koma. Ya ce, "Yaya, ɗakin nan ya ishe ni. Bari in zauna kusa da ke in ga yadda kike damawa." Inna ta ce hayaƙi zai tayar masa da tari. Ya ce zai juya masa baya.

Haka suka yi wata biyar. Kullum da safe yana nan, tun daga tace gasara har ta zuba masa a kwano a gaban idonsa. Suna hirar mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni, da rijiyar gidansu ta dā, da ranar da ta sauke shi daga goyo ya ɓace a cikin gero aka yi ta nema. Na ji Inna tana dariya da ƙarfi, abin da ban saba ji ba. Da ƙafa ta gaza sai a kamo shi a zaunar, da zama ya gaza aka shimfiɗa masa tabarma a wurin. Kunun ya koma cokali uku, ya koma ɗaya. Ranar Talatar da ya cika ma ta dama, a hannunta kansa yake.

Bayan sadakar arba'in Inna ta koma Kabo. Wata Asabar da rana na je gaishe ta, na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Na zauna na ja faifan na taya ta. Sai ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, ba bango ba.

Ta ce, "Ke. Da bai sha jiƙon nan ba, da yana nan?"

A'a tana kan harshena, kuma ita ce amsar da duk wani mai tausayi zai bayar. Na ce, "Ba a sani ba, Inna. Na tambayi likitar. Ta ce ciwon ya riga ya yi nisa, ƙwayar ma ba a tabbatar tana warkarwa ba. Wataƙila da ya ƙara watanni, wataƙila da bai ƙara ba. Ita ma ba ta sani ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "Da kin ce a'a, da na san lallashina kike yi."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Ba wanda ya gaya mini. Yaron da na goya, ya jawo kujera ya zauna a bakin murhuna yana kallon hannuna, sai an gaya mini? Tun ranar farko na gane gadina yake yi. A ranar na zubar da saiwar."

Na ce to me ya hana ta yi masa magana, ko ta nemi gafararsa, wata biyar suna zaune tare.

Ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta riƙe ba ta fasa ba. Ta ce, "Na so in yi. Kullum sai na shirya maganar tun da asuba. Amma ina tsoron in ya san na daina, zai ga gadin ya ƙare, ya koma ɗaki."

Allah ya gafarta wa Kawu, ya sanyaya zuciyar wadda ta goye shi.